Ladidi da ƙwayar da take sha sai direba ya dawo

Shekara tara ke nan da rasuwar Ladidi, aminiyata kuma abokiyar sana'ata. Ga abin da ke gabanta a lokacin: 'ya'ya biyar, tiyata biyu a jere wajen haihuwar biyun ƙarshe, da gargaɗi ɗaya daga likita, cewa mahaifarta ba za ta iya da wani ciki ba sai ta huta sosai. Ta ji, ta yarda, mijinta ma ya yarda, aka ɗora ta a kan ƙwayar tazarar haihuwa. Duk da haka ciki ya shiga, kuma a wajen haihuwarsa ta tafi. Jaririyar ta rayu. Aka mayar mata da sunan uwarta, muna kiran ta Ummi.

Ni da Ladidi hatsi muke saye da sayarwa. Da kaka mu hau Doguwa mu sayo masara, mu zuba a sito a Tudun Wada, in bazara ta yi mu fitar. Babu wanda ya kafa mu. Da tallan dafaffiyar gyaɗa muka fara. Ban taɓa ganin wanda ya cuce ta a ciniki ba. Na faɗi haka ne don kada mai karatu ya ɗauka sakarya ce ko marar kula. Da sakarya ce, da tuni na fahimci abin da ya faru na huta.

Mijinta, Malam Sani, direban babbar mota ne mai kai kaya Kudu. In ya tafi yakan daɗe, in ya dawo ba ya daɗewa. Wata rana muna ɗinke bakin buhuna a sito ta ce min, "Asabe, ina jin ciki gare ni." Na ce ina ƙwayar? Ta kwance haɓar zani ta miƙo min katin ƙwayar. An ɓare nan, an tsallake can, kamar masarar da tsuntsu ya yi wa ɓarna.

"Ke kuma wane irin sha ne wannan?"

"Sai in direba ya bugo waya ya ce yana hanya," in ji ta. "Ke kya ɗauki mai gadi ki sa shi tsaron sito alhali babu ko buhu ɗaya a ciki?"

Akwai wani dalilin kuma, wanda ta faɗa da ƙaramar murya. Ƙwayar tana sa ta tashin zuciya, kuma tana ganin ɗigon jini ba a lokacinsa ba, har ta rasa yaushe za ta yi salla, yaushe za ta bari. Sai ta ga rage sha zai rage damuwar.

Tare muka je asibiti. Malamar da ta duba ta ba ta yi faɗa ba. Ta ce wannan ƙwaya ba ta aiki sai ana shan ta kowace rana a lokaci ɗaya, ko miji yana gari ko ba ya nan. Ta ce tsallaken da take yi shi kansa yana ƙara kawo ɗigon jinin, kuma da ta dawo ta faɗa, da an canza mata wata iri, ko allura, ko ashanar da ake sakawa a ƙarƙashin fata. Ta tambaye ta ko ba a gaya mata tun farko ba. Ladidi ta ce, "An gaya min, Malama. Na ɗauka ku ma kamar mu ne, kukan faɗi da yawa don kun san za a rage."

Har yau ina juya wannan amsar. A kasuwa haka ake, mai kaya ya faɗi nasa, kai ka taya. Wayon da ya ɗauke mu daga farantin gyaɗa ya kai mu sito, shi ta ɗauka ta shiga da shi inda ba a tayawa. Shin laifin wayon ne? Ko na wanda ya miƙa mata kati bai zauna ya ji yadda take tunani ba? Ban sani ba.

Ba ta yi wasa da awo ba. Amma naƙuda ta zo mata kafin lokaci, tana gidan mahaifiyarta a Badafi, ga damina ta ɓata hanya. Kafin a isa da ita asibiti jini ya zuba da yawa. Aka ciro Ummi da rai. Ladidi ba ta farka ba.

Bayan zaman makoki magana ta rabu biyu, daga Ƙafin Maiyaki har Bebeji. Wasu matan suka ce ƙwayar ce ta kashe ta. Wasu suka ce maganin banza ne, ga Ladidi ta sha kuma ciki ya shiga. Ni kaɗai na ga katin nan a cikin danginta da ƙawayenta, kuma na yi shiru. Sirrinta ne. Kuma na yi imani kwananta ne ya ƙare, kamar yadda nawa zai ƙare.

Bana ne shirun ya gagara. Rabi, babbar 'yarta, tana aure a Kiru, kuma haihuwarta ta fari da tiyata aka yi. Aka ce ta huta, ta ƙi karɓar kowane irin maganin tazara. Mijinta ya same ni har sito, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce in taimaka, ni ce uwar da ta rage mata. Na je na same ta tana shayar da yaro.

"Inna, ba zan sha ba," ta ce. "Mama ta sha, me ya yi mata?"

Na ce, "Mamarki ba ta sha yadda ake sha ba."

Na gaya mata duka, da katin, da mai gadin sito, da amsar da ta ba malamar asibiti. Ta dubi ƙafar yaron. Can ta ce, "To Inna, da ta sha daidai, babu Ummi ke nan?"

Ummi tana aji uku yanzu, tana hannun kakarta a Badafi, ga surutu, ga tsiwa, kuma in ta yi dariya sai in kau da kai, don wushiryar uwarta ce sak. Wa zai dube ta ya ce kuskure ce? Wa kuma zai ce min da Ladidi ta rayu ba alheri ba ne?

Rabi dai ta je asibiti. Aka auna jininta kafin a ba ta komai, aka tambaye ta ko tana yawan ciwon kai mai tsanani, aka ba ta irin wadda mai shayarwa ke sha. Aka ce in ta manta ta sha da zarar ta tuna, in mantuwar ta yi yawa ta dawo ta tambaya, kada ta yanke wa kanta hukunci. Mijinta ya ce min bayan sallar asuba take sha, ba ta fashi.

Nakan tambayi kaina me Ladidi za ta ce da ta ga yau. Yanzu mata ba sa ɓoye zancen kamar da, wasu har waya ke tuna musu lokaci. Amma har gobe akwai masu aika a sayo musu a kemis ba a auna su ba, akwai masu ara wa juna kamar gishiri. Wata rana sai in ga za ta ce, "Asabe, faɗa musu, kada wata ta yi irin nawa." Wata rana kuma in ga za ta harare ni ta ce, "A gaban 'yata kika kwance min zani?" Duka biyun muryarta ce, kuma na kasa tantance wacce ce gaskiyarta. Ko a wannan rubutun ma na canza sunaye, ban kuma tabbata hakan ya isa ba.

Abin da na sani shi ne, tun ranar Rabi ba ta sake zuwa gidana ba. Tana aiko da gaisuwa ta bakin mijinta, gaisuwa cikakkiya babu abin zargi, amma ƙafarta ba ta zo ba. An ce min ta ɗauko Ummi hutun nan ta riƙe ta a wurinta, kuma ba ta son kowa ya ɗaga wa yarinyar murya.

Na zauna na auna. Na ba da sirrin aminiyata, na ba da zuwan Rabi gidana. Abin da na karɓa shi ne Rabi tana nan lafiya, ɗanta yana rarrafe, babu wani ciki a kan ɗinkin da bai gama warkewa ba. Da za a sake kawo min wannan cinikin, zan sallama. Amma kada wani ya ce in kira shi riba. Allah ya jiƙan Ladidi, ya sa ta yafe min in ba haka ta so ba.