Tantabarun Baba

Wata Laraba a bazarar 1981 na dawo daga makaranta na tarar da Umma zaune a bakin matakala, tana jan numfashi da ƙyar, wankin da ta fara yana nan jiƙe a baho. Ciwon fuka ne. Shekarata goma sha ɗaya, amma na riga na gaji: ni ce wanki, ni ce shara, ni ce hawa soro in kankare kashin tantabarun Baba, waɗanda da gashinsu ake cika mana matasan kai.

Ranar ce Abla, malamarmu ta lissafi, ta ba mu labarin wani ɗan Italiya da ya rayu wajen shekara ɗari huɗu baya, likita kuma masanin lissafi, mai rubutu a kan aljabra har da yadda sa'a ke faɗuwa a caca. An kira shi ƙasa mai nisa ya duba wani babban mutum mai fuka, ya ce a raba shi da shimfiɗar gashin tsuntsu, mutumin ya samu sauƙi. Lissafin bai shiga kaina ba, wannan kam ya zauna daram.

Na faɗa wa Baba da ya dawo daga garejin da yake aiki a unguwar Sultana, hannunsa duk baƙin mai. Tsuntsayen nan su kaɗai ne hutunsa. Ya ce, "Yanzu Baturen da ya mutu tun tuni shi zai shirya mini gida?" Umma ta yi tari daga ɗaki.

Ran Juma'a ya loda tantabarun a mota ya kai wa abokinsa can garin Khaibar, muka zubar da matasan. Bayan kwana biyu sai ga su jere a kan soro, sun dawo gida. Ya sake kai su, suka sake dawowa. A karo na uku ya hau da wuƙa shi kaɗai. Maƙwabta suka ci nama, shi ko romo bai taɓa ba.

Numfashin Umma ya daidaita, har sai da ta ga jikoki kafin ta rasu. Baba kuwa kullum bayan la'asar sai ya hau soron ya zauna, ba abin da yake kallo. Na ji tausayinsa, na kuma ji daɗin hutun da na samu, har yau ina kunyar hakan.

An rushe unguwar, Baba ma ya rasu. Yanzu gwiwa ba ta barina tafiya mai nisa, amma in na lallaɓa na je masallacin Harami nakan sayi alkama in watsa wa tantabaru. Ban taɓa ce wa Baba na gode ba.