Tabon da Na Bar Miki, Hajati Nabbosa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, aka kira ni a ofishinmu na Ntinda aka ce kin cika, Hajati. Washegari muka kai ki makwanci a Masaka, na tsaya can baya saboda kunya.

Ke kika koya mini rubuta manhaja. Kafin mu taɓa kwamfuta sai kin sa mun zana kowane aji, wato rukunin bayanai, a allo, mun ja layi tsakaninsu: wa ya gaji wa, wa ke riƙe da wa. A ƙarshen layin akwai ɗan akwati. In an cike shi da baƙi, da an goge na sama sai na ƙasa ya bi shi. In an bar shi fari, kowa da ransa. Kikan tura mini kwanon katogo, faten ayabar nan, ki ce, "Ci, Lubwama, ƙila kan nan naka ya buɗe. Kana zana dangi kamar ba a gida aka haife ka ba!"

Da muka yi wa wani asibiti manhajar rigakafi, ni na haɗa ajin Uwa da ajin Yaro. Kin ce in bar akwatin fari. Na ga kamar tsufa ke damunki, na cike shi a ɓoye. Sai wata mata ta rasu, ma'aikaciya ta goge sunanta, bayanan 'ya'yanta uku suka bi ta. Haka ya faru a gidaje arba'in kafin a farga.

A taron bincike kika miƙe kika ce, "Ni na duba aikin, laifina ne." Aka sauke ki daga shugabancin sashe, aka ba ni kujerar. Na karɓa, ban amsa laifina ba. A ƙofa abin da kika ce kawai shi ne, "Ɗana, uwa kan mutu ta bar 'ya'ya da rai. Je ka gyara."

Na gyara manhajar, ban gyara sunanki ba. Shekara shida ina cewa gobe.

Namusisi, Kasozi, ku da ta haifa: mahaifiyarku ba ta yi kuskuren nan ba, ni ne. Jiya na kai wa shugabannin kamfani wannan a rubuce. Allah Ya jiƙanki, Hajati, Ya haskaka kabarinki, Ya ba iyalinki haƙuri. Gafarar da ban roƙe ki ba, yau ina roƙon 'ya'yanki.