Ƙauye Ɗaya, Layi Ɗaya

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina aikin daktilo, wato buga takardu da keken rubutu, a Agadas kafin in taɓa ordinatar, abin da wasu ke kira kwamfuta. Da sandikarmu, ƙungiyar matuƙa motoci ta tasharmu, ta sayi guda, ni aka ɗora a kanta, don ni ce sakatariya kuma ba wata. Wasu sun ce mace mai jikoki ba za ta iya ba. Na dai riƙa zuwa biro, wato ofishinmu, tun kafin a buɗe tasha ina koyo.

Lokacin haƙar zinariya a Jado, can cikin hamada, tana kan tashe. Duk motar da za ta shiga hamada sai an rubuta fasinjojinta: suna, garin da mutum ya fito, nimeron wani ɗan uwansa, da ranar tashi. Ni ke kwashe wannan daga kaye, littafin da ake rubuta su, in zuba a tablo mai layi-layi cikin ordinatar. Layi ya bi layi har ya zama sai ka gaji da gangarawa ba ka kai ƙarshe ba.

Wata ranar Talata da hantsi wani dattijo ya shigo, da sandarsa da ƙullin kayansa a buhu. Ya fito ne daga wani ƙauye can bayan Tanut. Ya tsuguna bakin ƙofa, na ce ya hau benci, ya ƙi.

"Ƴata, an ce ke ce mai littafin matafiya."

"Ni ce, Baba."

"Ɗana nike nema. Wata takwas ba mu ji muryarsa ba. Uwarsa ta daina cin abinci, matarsa ta haihu bai sani ba."

Ya faɗa mini sunan ɗan. Suna ne irin wanda in ka kira shi a tasha mutum goma za su waiwayo. Na same shi a tablo bayan ɗan bincike, amma nimeron da aka rubuta a gabansa na dattijon ne da kansa. Ke nan mun san ranar da ya tashi, ba mu san komai bayan nan ba.

Shugaban sandika yana zaune yana ji. Ya ce, "Hajiya, ki ba shi haƙuri. Hamada ba ta da adireshi."

Na ce, "Baba, shi kaɗai ya fito daga ƙauyenku?"

"Ina! Samarinmu duk sun watse can. Wasu kafin shi, wasu bayansa."

Sai na ga hanyar. Ɗan ƙauye ba ya ɓace wa ƴan ƙauyensu. In na tara duk wanda ya fito daga garin nan, wani cikinsu ya san inda yake. Matsalar ita ce formil ɗin da na iya, wato umarnin nema da ake rubuta wa ordinatar, in ka ba ta sunan gari, mutum na farko kawai take kawo maka ta yi shiru, sai ka ce sauran ba su taɓa hawa mota ba. Ina iya bi da ido in tsinto su ɗaya ɗaya, amma na san gobe wani uban zai zo, jibi wata uwar. Ina son kowane gari ya samu layinsa, mutanensa su jeru a gabansa, kowa a kolon ɗinsa, wato gurbinsa a tablo.

Na ce wa dattijon ya je ya yi azahar ya dawo. Na ƙara wata kolon a gefe, na sa ordinatar ta ƙirga sau nawa sunan gari ya fito daga sama zuwa layin da take, ta manna lambar a jikin sunan. Na farko daga ƙauyen ya zama ƙauyen da ɗaya, na biyu ƙauyen da biyu, haka har ƙasa. Yanzu ba mutum biyu masu alama iri guda. Sai na buɗe sabon shafi, na jera garuruwa a hagu, na rubuta ɗaya, biyu, uku a saman kolon-kolon, na ce wa tsohuwar formil ɗina ta haɗa sunan gari da lambar sama ta nemo. Na ja ta zuwa dama.

Sunaye huɗu suka fito. Amma na tuna dattijon ya ce samarinsu duk sun watse can, ke nan sun fi haka. Na koma na duba, ashe masu rubutu a kaye kowa da yadda yake rubuta sunan ƙauyen, wani da Faransanci, wani yadda kunnensa ya ji. Iri uku na samu. Na gyara su da hannu, ina gyarawa layin yana tsawo. Ya tsaya a goma sha ɗaya.

Da ya dawo na karanta masa. Kowane suna sai ya ɗaga kai ya ce ɗan wane ne, jikan wance ne. Shugaba ya taso ya tsaya bayana, ya miƙo mini salularsa ba tare da na roƙa ba.

Nimero uku na farko ba su shiga ba. Na huɗu wata mata ta ɗauka, ta ce mijinta yana can har yanzu, ba ta da labari. Na bakwai ne ya ce ƙanensa ya dawo tun watan jiya, yana nan Agadas yana aiki a gidan burodi. Kafin la'asar ƙanen ya iso biro, da garin fulawa a hannuwansa. Yana ganin dattijon ya durƙusa.

"Baba, yana da rai. Ramin da suka haƙa bai ba da komai ba, salularsa ma ya sayar. Ya bi wata mota zuwa Bilma, yana aikin gishiri. Kunya ce ta hana shi kira."

Dattijon ya sa hannu ya rufe fuskarsa, muka bar shi.

Wani matuƙinmu mai zuwa Kawar, yankin da Bilma take, ya ɗauki saƙo. Kwana tara dattijon ya yi a masallacin tasha, matuƙa suna ciyar da shi. Ran na goma salular shugaba ta yi ƙara, ɗan ne ke kira, aka aika aka kirawo dattijon da gudu. Na ji shi yana cewa, "An yi maka ɗiya. Dawo haka nan, ba wanda ya aike ka neman komai."

Kafin ya tafi ya sa na buga masa layin ƙauyensu a takarda. Ya ce akwai gidaje tara da ke jiran su ji ko da ranar da ƴaƴansu suka hau mota. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

Labari ya bazu. Daga baya sakataren wata tasha, mai digiri, ya zo da kayensa ya ce in nuna masa yadda na yi. Na ja masa kujera kusa da ni, na ce ya fara duba yadda aka rubuta sunayen garuruwa tukuna.