Atamfar da na ɗaura wa ƙanwata

Shekarun baya, lokacin da jiniyar kamfanonin Sharaɗa ce agogon kowane gida a Ɗorayi, ina da ƙanwa wadda in ta wuce a layi sai mutane sun waiwaya suna gardama, wannan ya ce namiji ne, wancan ya ce mace ce. Farkon shekarun tamanin nake ba ku labari. Ni a lokacin aurena na fari ya mutu, na dawo gida ina zawarci, ina zuwa naɗe alewa a wani kamfani a Bompai. Kuma in faɗa muku gaskiya, a duk layinmu babu wadda ta kai ni son kwalliya. Ko gishiri aka aike ni saye sai na sa kwalli.

Ita kuwa tun tana ƙarama ba ta yarda a taɓa mata kai. Ranar kitso a gidanmu ranar tashin hankali ce. Mai kitso ta riƙe kai, Inna ta danne ƙafafu, ni ina riƙe da hannu, ita tana ihu har muryarta ta dishe, in an gama kuma ta samu lungu ta tsefe shi tas kafin magariba. Da Inna ta gaji, sai Baba ya fara ɗora ta a keke tare da yayanmu zuwa wajen wanzami, a yi mata ƙwal. Wannan tana iya jurewa, don minti biyar an gama. 'Yan kunne ta yi ta cire su har hujin ya toshe. Zani kuwa cewa take cizo yake yi. Abin da take iya sawa kawai tsofaffin riguna da wandunan yayanmu da suka sha wanki suka koɗe, su ɗin ma sai ta juya su baibai, don kada bakin ɗinki ya taɓa fatarta.

Ta girma doguwa, siririya, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta kallon mutum a ido. In wani ya tsayar da ita ya tambaya, sai ta ce, "Mace ce ni," ta wuce, kamar wadda aka tambaya ƙarfe nawa. Ba ta jin haushi, ba ta kuma jin kunya. Ni ce nake jin kunyar a madadinta, har nakan canja hanya in na hango ta ina tare da ƙawaye.

Muna da baffa a ƙauye, ƙanin Baba, wanda ya riga ya yanke hukunci cewa namijin aljani ne a kanta. Duk zuwansa magana ɗaya ce, a ba shi ita ya kai ta wajen wani mai magani a garinsu, inda ake sa wa masu irin wannan mari a ƙafa ana yi musu turare har sai iska ta fita. Baba ya yi ta ba shi haƙuri. Amma da ta kai sha takwas tana zaune a gida, ba aure ba sana'a, hujjar Baba ta fara ƙarewa, dangi kuma suka fara bin bayan Baffa.

Baba a wata masaƙa yake aiki a Sharaɗa, kuma yakan zo gida da guntayen yadin da aka yar saboda aibi. Ƙanwata sai ta shimfiɗa su a tabarma, ta rufe ido, ta bi da tafin hannu, ta nuna daidai inda zare ya yi tsallake ko ya yi ƙulli. Wani aibin ma sai an ɗaga yadin a rana ake ganinsa. Da Baba ya lura, wata Litinin ya ɗora ta a bayan keke ya kai ta wajen foman ɗin sashen duba yadi, wani dattijo mai gemu da kowa ke kira Malam. Malam ya shimfiɗa mata bandir, ta bi da hannu, ta fitar da aibi uku da 'yan dubansa suka tsallake. Nan take ya ba ta kaki da hula da alli. Ma'aikatan wucin gadi ba a tambayarsu komai, lamba ake ba su, da ita ake kiransu. Sashen kuma duk maza ne, don haka Malam ya ɗauka ɗan Baba ne. Baba ya ga kuskuren tun ranar, ya ce gobe zai gyara, goben nan ta kai wata huɗu.

Wata huɗun nan su ne mafi daɗin da na taɓa ganinta a ciki. Yarinyar da in an buga turmi a maƙota sai ta toshe kunne, ita ce take cewa ƙarar injinan saƙa tana kwantar mata da hankali, wai don ba ta canjawa. Ta dawo da yamma, auduga fari fat a girarta, ta zauna tana ba mu labarin zare har tuwo ya huce. Baffa ya zo sau ɗaya, aka ce masa tana wajen aiki, ya sha furarsa ya koma.

Sallah ce ta tona zancen. Malam shi ke jan ma'aikata jam'in azahar a ƙarƙashin rumfar kwano, ya kuma lura akwai lamba ɗaya da ba ta taɓa shiga sahu ba. Rannan ya bi sawu don ya yi nasiha. Ya same ta a bayan tarin dilolin yadi, ta lulluɓa da wani tsohon mayafin Inna da take ɓoyewa a aljihun kaki, tana sallarta ita kaɗai. Ya tsaya har ta sallame, ya ce, "Kai, me ya hana ka sahu?"

Ta ce, "Malam, mace ba ta shiga sahun maza."

Baba ya ce Malam ya kai minti guda yana tsaye yana shafa gemu. Mutumin kirki ne, amma kunya ta kama shi, wata huɗu yana ce wa 'yar mutane kai yaro. Ya kira Baba gefe ya ce aikinta ba shi da laifi, ba ya son rasa wannan hannun, amma ba zai iya riƙe mace da shigar maza a sashensa ba. Ko ta zo da shiga irin ta mata, ko ta mayar da lamba. Duk gidan mun san abin da mayar da lamba yake nufi, don Baffa na nan tafe bayan girbi.

Nan fa na miƙe. Na ce yau dai ranata ta zo, a bar mini ita. Ina da wata sabuwar atamfa mai ruwan ganye da na ajiye don sallah, ko wanki ba ta gani ba, tana ƙyalli tana ƙamshin kanti. Na kai wa tela ya yi riga mai tattara a wuya da hannu. Da safe na zaunar da ita, na ɗaura mata zani na ja shi tam, na naɗa ɗankwali na ɗaure don kada ƙwal ɗin ya fito, na manna mata 'yan kunne na matsewa, na ranbaɗa mata kwalli. Ba ta yi ihu ba, don ta san abin da ke jiranta in ta ƙi. Tsayawa kawai ta yi ƙiƙam, hannuwanta a ware kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi. Ni kuwa ina ta guɗa ina kiran maƙota su zo su ga amarya. Inna ta dube ta, ta dube ni, ta ce a hankali, "Yarinyar nan ba ta numfashi daidai." Na ce Inna rashin sabo ne kawai.

Ko azahar ba ta kai ba. Baba ya ba mu labari cewa ta tsaya a teburinta, yadi yana wucewa a ƙarƙashin hannunta, aibi a fili wanda makaho ma zai ji, ba ta ɗaga alli ba. Can sai ta fara susar wuya har jini ya fito, ta tsuguna tana jijjiga tana bugun kanta da hannu. Aka tsayar da aiki, Baba ya ɗauko ta a keke. Malam ya ce ta huta zuwa Litinin, in abin bai yiwu ba to babu yadda zai yi.

Kwana biyu ba ta yi magana ba, ba ta ci abinci ba. Na shiga ɗaki na same ta kwance da tsohuwar rigar yayanmu, wuyanta da ƙugunta duk sawun ja inda atamfar ta kwanta. Wallahi ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba. Na zauna nesa da ita, don na san ba ta son a matso, na ce ta yafe mini. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yaya, in yana cizona ba na jin yadin. Shi kaɗai nake ji."

Shekara goma sha takwas tana faɗa mana cizo yake, mu muna ɗauka taurin kai ne.

Inna na bakin ƙofa, ta ji. Sai ta buɗe adakarta ta fito da zanin saƙi da ta goya mu da shi mu uku, wanda ya yi laushi har ana ganin haske ta cikinsa, da wasu tsofaffin taguwoyin Baba guda biyu. Ta kira ƙanwata ta ce ta taɓa ta zaɓa. Duk wanda hannunta ya tsaya a kai, Inna ta ware shi gefe. Ranar Asabar da Lahadi tana zaune a tsakar gida da allura, ta farke ta haɗa, ta yi doguwar riga har idon sawu, mai faɗi, babu tattara babu maɓalli, bakin ɗinki duk a waje. A ƙasa wandon da ta saba. Da zanin goyon kuma ta yi wata hula sako-sako mai saukowa ta rufe kunne da wuya, wadda ba a ɗaurewa. Ni mai ido a kan ado, na dubi abin na ga ba fasali. Amma wannan karon zare kawai nake sa wa Inna a allura.

Litinin na ƙi zuwa Bompai, na bi su Sharaɗa a ƙafa ina haki. Malam ya fito bakin get ya dube ta sama da ƙasa. Rigar ta yi kama da taguwar maza, tsawonta kuma na mata, hular ba wanda ya taɓa ganin irinta. Ya juya ga Baba ya ce, "Wannan kuma na maza ne ko na mata?"

Kafin Baba ya buɗe baki ta ce, "Kayana ne, Malam. Kuma sun rufe ko'ina."

Malam ya sake dubawa, ya ga lallai babu inda ya fito sai fuska da tafin hannu. Ya yi wata 'yar dariya a cikin gemu, ya ce to ai shi ne abin da addini ya nema, sauran na tela ne. Ya sa aka shimfiɗa bandir a nan bakin ƙofar sashen. Ta ɗora hannu, ta rufe ido, ba ta yi taku biyar ba ta ciro alli ta ja layi. Ni da ke leƙe ta wayar get sai na ji hawaye yana wanke mini kwalli. Malam ya sa aka ja mata teburinta gefen taga, ya kuma sa aka share mata wajen sallah a bayan dilolin. Da Baffa ya zo bayan girbi, Inna ce ta tare shi da kanta, ta ce yarinya tana da aiki, ba ta da lokacin zuwa ƙauye. Ƙanwata ta yi shekara goma sha wani abu a masaƙar nan, har ranar da aka kashe injinan aka rufe get.

Sai da na yi jika mai irin halinta, likita ya duba shi ya kira mana wata kalma, otizim, sannan na samu sunan abin. Ya ce yara irinsa da yawa fatarsu tana jin abin da tamu ba ta ji, kuma wasunsu ba sa ganin dalilin da zai sa a ce wannan tufa ta maza ce wannan ta mata, abin da jiki ya karɓa shi suke sawa. Ina zaune a gabansa sai na ga Inna a tsakar gida da allura. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ce ta fara cewa yarinyar ta taɓa ta zaɓa.

Atamfar nan mai ruwan ganye kuwa, ni na ci gaba da ɗaura ta, don ba na iya yar da kaya. Shekara shida tana shan wanki har ganyen ya koma toka-toka. Wata rana ina shanya, ƙanwata ta zo wucewa ta shafa ta, ta tsaya, ta sake shafawa, ta ce, "Yaya, yanzu ta daina cizo. Ki ba ni." Daga ranar na samu aikina. Duk yadin da aka saya mata ni nake fara ɗaurawa, in sa in wanke, in sa in wanke, ita tana zuwa tana dubawa da hannu kamar a masaƙa, sai ta ce ya yi sannan a kai wa tela ya ɗinka baibai. Ni da na so in zama mai yi mata kwalliya, na ƙare a mai tsufar mata da kaya, kuma ba aikin da na taɓa yi da ya fi mini wannan daɗi.

Shekara uku ke nan da rasuwarta, Allah Ya jiƙanta. Akwai wani zani shuɗi da na fara mata, ta shafa shi sati biyu kafin ta kwanta ciwo, ta ce saura kaɗan. Har yanzu ina ɗaura shi ina wankewa. Ni a hannuna ya yi laushi tuntuni, amma babu wanda zai ce mini ya yi.