Tanderun da Na Fasa

Ƙarar ba ta kai ta fashewar tayar keke ba. Ɗas! kawai ta yi daga ɗakin girki, sai ƙauri ya biyo baya. Ina zaune a inuwa ina tsintar wake, amma sai da faifan ya kusa suɓuce mini. Jikata ta leƙo tana fifita hanci da gefen ɗankwali, ta ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, ba gobara ba ce. Obin ne ya yi tari." Na ce mata na ji. Ban gaya mata na san irin wannan ƙarar tun ba a haifi uwarta ba.

Jikar nan tawa 'yar babbar 'yata ce, a wurina take zaune nan Karaye. Sana'arta gashin kek da biredi a wannan akwatin ƙarfe mai aiki da lantarki da suke kira obin. A ƙasan cikinsa akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke yin jawur in an kunna, shi ne mai ba da zafin. To shi ne ya ƙone, ya dare a tsakiya. Ga biki a Kafin Dafga saura kwana huɗu, ita aka ba aikin kek ɗin, ga mai gyara ya tare a gona, kullum aka kira shi sai ya ce gobe. Ta ce za ta canza ƙarfen da kanta. Na ce ba dai a gidana ba.

Wannan "ba a gidana ba" na daɗe ina faɗarta. Bari ku ji inda na samo ta.

A wani ƙauye gefen Zoza aka haife ni, gidan noma, dawa da gero da gyaɗa. Mahaifiyar babana, wadda muke ce wa Iya, ita ce mai gurasar garin. Tanderunta yana bayan ɗakinta ƙarƙashin rumfar kara. Ku 'yan yanzu da yawanku ba ku taɓa leƙa cikinsa ba: tukunya ce babba mai faɗin ciki, a dasa ta cikin gini har wuya, a hura wuta a gindinta, in bangon ya ɗauki zafi a riƙa manna ƙullun alkama a jikinsa. Iya da hannunta ta gina nata, shekarar da aka kawo ta gidan, don iyayenta magina tukwane ne. Tanderun ya girmi babana. Har yau ina jin ƙarar tafinta in ta manna ƙullu, da ƙanshin alkama ya haɗu da hayaƙin kara. Hannunta na dama babu gashi ko ɗaya har gwiwa, wuta ta gama da shi. Sai ta tsoma shi a ruwa, ta zura, ta manna, ta zaro, ba ta ko yamutsa fuska.

Ni yarinya ce mai ido, ba mai baki ba. Ina tsugune a gefe ina kallo, ita kuma ta san ina kallo.

Wata bazara, ina da kamar shekara goma sha ɗaya, tanderun ya yi tsaga daga ciki, can ƙasa, tsawonta kamar taƙi guda. Lokacin sanyin ƙashi ya kama kafaɗar Iya, ba ta iya sunkuyawa ta kai wurin. Ta dube ni ta ce, "Ke mai ido, yau za mu ga ko hannun ma yana gani." Ta aike ni na faso ƙasar suri, na tsinto kashin jaki, na ɗebo ƙaiƙayi a masussuka. Ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, har ruwan ya yi ja. Ita ta haɗa da awon tafinta, wannan kaza, wancan kaza. Ni kuwa ina can gefe na toshe hanci saboda kashin jakin, a ranar da ya fi dacewa in buɗe ido. Aka rufe kwaɓin kwana uku ya tsumu.

Ranar facin, da kai na shiga. Iya ta riƙe ni ta ƙugu, rabina a cikin duhu da warin tsohuwar toka, muryarta tana zuwa mini kamar daga rijiya. "Jiƙa tsagar tukuna. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar baƙuwa." Na jiƙa. Na danna kwaɓin da babban yatsa kaɗan kaɗan, na shafe da sakaina har ya yi sumul. Da ta zaro ni, ta sa sanda mai tsumma a baki ta shafa wurin, ta ji babu tudu babu kwari. Ta ce, "Hannun nan na gidanmu ne." Iya ba ta yabo. Na yini ina taka ƙasa kamar tawa ce.

Ta shimfiɗa doka. Kwana bakwai a rufe da tsohuwar tabarma. Bayan nan a yi masa ƙaramar wuta ta ƙirare kwana uku, ana ƙarawa da sannu, kafin ya ga itace. A kwana na uku aka aiko ƙanwarta ta rasu a Turawa. Tana ɗaure kaya tana ce mini, "Ko toka mai ɗumi kada ta je kusa da shi."

A kwana na biyar na ɗaga tabarmar na taɓa. Facin ya yi fari, ya yi tauri kamar dutse. Ga mata suna ta aiko yara ko akwai gurasa, har wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce da innata, da ƙarfi don in ji, "Ai an ce jikar ce ta yi gyaran, to sai a jira baɗi." Maganar ta tsaya mini a wuya. Na ce a raina Iya za ta dawo ta tarar da shi a shirye, ta zuba ƙullu kawai. Kuma na yi lissafin yara: wutar kwana uku, me zai hana a haɗa ta a yi rana ɗaya? Da hantsi, mata sun tafi rijiya, na kwaso itacen ƙirya da babana ya ajiye, wanda maƙera ke so don zafinsa, na cika gindin tanderun na hura.

Wutar ta kama da kyau, har na fara murna. Sai ɗas! Sai wata ɗas ɗin. Na ga tsaga ta taso daga ƙasa har baki, gefe guda ya rufta cikin garwashin.

Washegari Iya ta dawo. Innata ta riga ta yanko tsumagiya tana jira a yi a gabanta. Iya ta ce, "Ajiye." Ta tsuguna da ƙyar, ta tona tokar, ta ciro guntun facin nawa, ta karya shi biyu ta nuna mini. Samansa fari, cikinsa baƙi, da sauran danshi. Ta ce, "Kin gani? Bazara saman abu take busarwa, ta bar maka cikin. Aikin ya yi, jiran ne bai yi ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Wallahi da ta bari an zane ni da ya fi mini sauƙi, in yi kukana in huta.

Ba fasa tanderun ne ya fi damuna ba a yau. Yaro yana ɓarna, ba a kaina aka fara ba. Abin da ya biyo baya ne.

Da damina ta ɗauke, Iya ta kira ni. Tana zaune a kan kifaffen turmi da kwando a gefenta. Ta ce, "Za mu je bakin rafi mu ɗebo yumɓu, mu gina wani. Ni ido, ke hannu." Na ce kaina ke ciwo. Ta bar ni. Bayan an gama cirar gyaɗa ta sake kira, kwandon nan dai yana gefenta. Na ji ta sarai, na bi ta bayan rumbu na tafi roro da ƙawayena. Kunya ce, da wani taurin rai da ban san sunansa ba a lokacin. Gani nake in na sake sa hannu na sake ɓatawa, ba ni da sauran fuskar da zan dube ta. Ba ta kira na uku ba. Babana ya sayo mata tukunya a kasuwa, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta ce a zuba ruwan sha a ciki. Ta koma kaɗin auduga a ƙofar ɗaki, garinmu ya koma sayo gurasa ranar kasuwa. Damina biyu ta ƙara, Allah ya karɓi abarsa.

Daga nan na zama wadda kuka sani. Duk abin da ya lalace a gidana, a kira mai shi. Na yi ta cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, ina jin kamar hikima nake faɗa. Babbar 'yata tana yarinya na taɓa samunta da allura tana ƙoƙarin ɗinke fasasshiyar ƙwarya, har ta yi rabi, kuma ɗinkin ba laifi. Na buge mata hannu na ce wa ya aike ta. Yau ga ta da furfura, maɓalli in ya cire mata sai ta nemi tela. Ni na yi mata haka.

Ita kuwa jikar ba ta ji hanin da na yi mata ba. Ladabi gare ta, amma in ta ce "to, Hajiya" da wata irin murya, na san ba to ɗin ba ce. Ta ɗauki hoton ƙarfen da salula ta tura wa wani mai shago a Kano, washegari direba ya kawo sabo a kwali. Na ja kujerata na dasa a ƙofar ɗakin girkin. Ta zare filogi daga bango ta miƙo mini kansa. "Riƙe a hannunki, tsohuwa mai ran ƙarfe, kada ki ce wuta za ta ja ni." Ta jingina salular a jikin tukunya, wani mutum a ciki yana nuna yadda ake yi. Ta fitar da ragogin ƙarfen da ake ɗora biredi a kai, ta durƙusa, ta kwance sukuru biyu da sukundireba, ta jawo ƙonannen a hankali. Wayoyin wuta biyu suka biyo shi ta wasu 'yan ramuka a bangon baya. Ta cire ta farko lafiya. Tana cire ta biyu, wayar ta suɓuce ta koma cikin ramin, ta ɓace.

Bakina ya riga ni. Na ce, "Ai ga irinta nan. Da ƙarfe ɗaya ne ya mutu, yanzu kin kashe akwatin gaba ɗaya. Wa ya aike ki?"

Na zaci za ta mayar da wasa kamar kullum. Ba ta mayar ba. Ta ajiye sukundireban a ƙasa, ta goge hannu a zani, ta ce a hankali, "Shi ke nan. A jira mai gyaran." Ta juya fuska bango. Na daɗe ina kallon ƙeyar yarinyar nan. Na san abin da ke shirin ƙullawa a cikinta, don na ɗauki irinsa fiye da rabin rayuwata.

Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko tsinken kitsona na ƙarfe, na sa bakinsa a tsagar ƙyaure na lanƙwasa. Na ce, "Ungo. Guga in ya faɗa rijiya ba a cike rijiyar, ƙugiya ake zurawa." Ta dube ni kamar wata ce ta shigo sanye da kayana. Na haska mata fitilar salula, ta yi ta laluben ramin, sau uku tana kamowa yana kuɓucewa, a na huɗu bakin wayar ya leƙo. Ta ce, "Hajiya, riƙe min nan, kada ki saki." Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa, na zura hannu har kafaɗa na riƙe. Ta maƙala wayoyin a sabon ƙarfen, ta tura, ta ɗaure sukurun.

Sai la'asar aka kawo wuta. Tana kunnawa ƙarfen ya fara ja, ta yi tsalle za ta ɗauko ƙullu. Na ce a'a, a bar shi ya yi zafi shi kaɗai tukuna, warin sabunta ya fita. Ta ce, "Ikon Allah, haka mutumin salula ya ce! A ina kika yi karatun?" A nan na ba ta labarin da ban taɓa ba uwarta ba.

Ta ce, "To ai mu ne da buƙata. Kullum ana ɗauke mana wuta da ƙullu a kwaɓe. Ki koya min mu gina tanderu a bayan ɗaki." Na lissafa mata ƙasar suri, da kashin jaki, da ƙaiƙayi, da ruwan makuba. Ta ce, "Nawa-nawa?" Ni kuwa ranar awon hanci na toshe, ban riƙe komai ba. Balle yadda ake tayar da tukunyar daga gindi, da irin yumɓun da ake zaɓa, da yadda ake gasa ta. Na aika ƙauyenmu a tambaya, aka ce masu wannan ginin sun ƙare, 'ya'yansu robobi suke sayarwa.

Ita in nata ya lalace, akwai mutumin salula da zai nuna mata sau goma, ba ya gajiya, ba ya mutuwa. Zamanin nan ya sauƙaƙa musu wannan, ban ƙi ba. Ni kuwa mai nuna mini, sau biyu kawai ta kira. Yarinyar nan har ta sa an faso mata ƙasar suri an jibge a bayan ɗaki, kaji suna ta tonawa. Duk safiya in ta gaishe ni sai ta ce, "Hajiya, kin tuna awon?" Ni kuma in ce mata tukuna.