Kawu Hammajo da Ƙudajen Kogon Maɗaci

Duk wanda ya san Kawu Hammajo, yayan mahaifiyata, ya san ba ya amsa sallama in yana ƙarƙashin tsohon maɗacin gidansa a Yelwa. Hannu kawai zai ɗaga maka, wai kada ka korar masa baƙi. Baƙin fa ƙudaje ne! Wasu masu ratsin rawaya kamar zuma, masu tsayawa cak a iska, da ke hayayyafa cikin ruwan da ke taruwa a kogon bishiyar.

Tun yana aikin gandun daji ya kamu da son su. Cewa yake a da, daga Iware har Mutum Biyu, duk kurmin da ka shiga sai ka gan su. Yanzu masu gawayi sun gama da itatuwan, saura nasa.

Ran sunan jikarsa, wani mai ratsin rawaya ya sauka a bakin ƙwaryar fura, mata suka watse.

"Haba jama'a, wannan bai harbi! Kakin soja kawai ya ara," in ji Kawu. Ya cafke shi. Ashe zumar gaske ce. Hannu ya yi suntum, amma ko a jikinsa. "Wannan ba nawa ba ne, daga wani unguwa ya zo."

Da ma'aikatan dashen itatuwa suka ce ya sare ruɓaɓɓiyar bishiyar su ba shi sabuwa, sai ya ce, "Useko, na gode. Ku da kullum damina kuke dasa itace a rami ɗaya ku ɗauki hoto? Ku bar min nawa."

Matsalar ita ce maɗacin ya karkata kan kicin ɗin matarsa, Goggo Dija. Duk iskar da ta taso sai Goggo ta bar tukunya ta arce. Rannan ta ƙule.

"Malam, ka zaɓa. Ni ko ƙuda?"

Wallahi sai da mutumin nan ya yi tunani! "Ke kina da 'yan'uwa a Iware. Su fa, ina za su je?"

Bayan rasuwarsa muka kawo mai injin yankan katako, wai mu sare maɗacin mu hutar da Goggo. Goggo ta fito da mayafin takaba ta zauna a gindin bishiyar.

"Ku matsar da kicin ɗin," ta ce.

Ni kam sai da na share ido. Kicin muka rushe.

Allah ya jiƙan Kawu. Yadda ya tausaya wa abin da ba wanda ya kula da shi, Allah ya tausaya masa.