Tuwon Da Na Ɗura Wa Bashiru, Daga Jangeru Zuwa Kaura

Asabar: Jangeru zuwa Shinkafi

Ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar asuba, muka hau mashin ni da ɗana Bashiru. Mai mashin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, wanga kuɗin mutum biyu za ka biya mai." Wallahi daɗi na ji, don wata huɗu na yi ina gina jikin nan.

Ga yadda aka yi. Wani koci a Kaura Namoda, Malam Bitrus, ya aiko yana son Bashiru ya je gwajin ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a hannu, a matsayin mai tsaron baya. Wanda aka ɗauka zai samu gurbin karatu kyauta, ni kuwa ba ni da halin kai shi gaba da sakandare. Sai na je gidan kallo aka nuna mini tsofaffin wasanni. Na ga masu tsaron bayan ƙatti ne, suna ture mutane kamar shanun huɗa. Daga ranar na hana Bashiru gudun safe da ya saba. Tuwo sau uku, fura da nono tsakani, ƙwai da safe. Uwarsa ta ce yaron ya fara haki in ya ɗebo ruwa. Na ce mata ita me ta sani game da wasa?

Shinkafi zuwa Kaura

A tasha muka yi jiran rakiyar jami'an tsaro har takwas da kwata, don ba direban da ke yarda ya bi hanyar shi kaɗai. Motoci tara muka jeru. Naira dubu huɗu kowane mutum, mu huɗu a baya, wata tsohuwa tana ta mitar Bashiru ya matse ta. Shingaye shida na ƙirga. A na huɗu wani soja ya leƙo ya ce, "Ɗan kokawa ne?" Na ce, "A'a, ɗan ƙwallon Amurka." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Sha ɗaya saura muka shiga Kaura, na saya wa yaron ƙosai na ɗari biyar ya ƙara nauyi.

Filin gwaji

Inna lillahi! Ina shiga filin na ga abin da ban zata ba. Yara kusan talatin, duk sirara, suna gudu da baya-baya suna juyawa kamar an murɗa su. Na nemi ƙatti ban ga ko ɗaya ba.

Malam Bitrus ya zo muka gaisa, ya ce, "Baba, ina yaron naka?"

Bashiru yana tsaye a gabansa fa. Na nuna shi.

Mutumin ya daɗe yana kallonsa. "Wanda na gani bara a gasar makarantu a Zurmi, ya bar kowa a baya? Baba, me ya same shi? Ciwo ya yi?"

Na ce, cikin ƙarfin hali, "Shiri na yi mai. Na ga masu tsaron baya."

Ya dafe kai. "Kai, Baba! Wancan zamanin ne, lokacin da ake kutsawa da ƙwallo ta tsakiya, ana neman mai tarewa da ƙirji. Yanzu jifa ake yi mai nisa. Mai tsaron baya sai ya bi mai cafewa ƙafa da ƙafa, ya riga shi tsalle. Manyan ma yanzu gudu ake nema a wurinsu. Don gudunsa na kira shi."

Aka sa shi ya bi wani yaro ɗan Kurya Madaro, wanda bara ko ƙurar Bashiru bai gani ba. Sau uku ɗan Kuryan yana wuce shi. A na ukun ɗana ya durƙusa ya dafa gwiwa yana haki. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Da hannuna na yi wannan.

Na bi kocin har gindin mangwaro na ce, "Malam, laifina ne, ba nashi ba. Don Allah."

Ya ce, "Gurbi ɗaya zan bari a buɗe, sati shida. In bai dawo yadda na san shi ba, ɗan Kurya zan ba."

Lahadi: komawa

Mun kwana gidan ƙanena kusa da tsohuwar tashar jirgi, tunda bayan la'asar ba a bin hanya. Matarsa ta kawo tuwon dawa malmala biyar, Bashiru ya ci rabin ɗaya.

Sha biyu da rabi muka sauka Shinkafi, rana tsaka. Na kira mai mashin. Bashiru ya miƙo mini jakarsa ya ɗaure igiyar takalmi.

"Baba, ka yi gaba. Ni da ƙafa zan iso."

Na ce wa mai mashin ya bi shi a hankali. Haka muka tafi har Jangeru, yana gudu yana tsayawa, ni ina bayansa rungume da jaka, mutane na kallo.

Alhamdu lillahi, mun iso lafiya, kuma ina gode wa Malam Bitrus da ƙanena. Uwarsa tana ƙofar gida da ƙwaryar furar da na ce a dama masa kafin mu dawo. Ta dubi yaron jiƙe da gumi, ta dube ni, ta miƙo mini ƙwaryar.

"Ungo, Malam. Kai ka san wasa."